Wa ke duba fassara kafin ta isa kunnen manomi da makiyayi a jihar Tawa?

Kowace shekara idan kaka ta yi, aka ɗaure dammunan hatsi aka kai rumbu, akwai takarda guda da manoma da makiyayan jihar Tawa ke zuba kunne su ji ta fito, wato sanarwar ranar sakin gonaki. Daga wannan rana ce dabbobin da suka yi damina a arewa, can wajen Abalak da Cintabaradan da Tasara, ke da damar gangarowa su ci kara da harawa a gonakin Adar ba tare da an ce sun yi ɓarna ba.

Dokar kiwo ta Nijar, wadda aka sa wa hannu ranar 20 ga Mayun 2010, ita ce ta tsara wannan aiki. Hukumar jiha ce ke tsayar da ranar bayan ta ji shawarar kwamitocin kula da filaye, waɗanda aka fi sani da Kofo, da kuma ƙungiyoyin manoma da na makiyaya. Dokar ta ɗora wa kantomomi da magadan gari nauyin yaɗa ranar ko'ina. Da zarar ta wuce, manomin da dabba ta ci masa amfanin damina ba shi da hurumin neman diyya.

Takardar dai da Faransanci take fitowa daga ofis. Mutanen da take hukunci a kansu kuwa, akasarinsu ba da Faransanci suke rayuwa ba. Sai wani ya juya ta zuwa Hausa, wani ya juya ta zuwa Fulatanci, wani zuwa Tamajak, sannan ta shiga rediyo, ta shiga bakin sanƙira ranar kasuwa, ta shiga WhatsApp. A mafi yawan waɗannan hannaye, mutum guda ne ke fassarawa, shi ne kuma ke yaɗawa, babu na biyun da ya saurara kafin ta fita.

Kalma ɗaya ta isa ta canza komai. Dokar ta yi magana ne a kan gonakin damina, da Faransanci "cultures pluviales". Idan mai fassara ya tsallake kalmar ta biyu ya ce kawai "an saki gonaki", makiyayi na iya ɗauka har garakan rani sun shiga ciki, alhali a daidai wannan lokaci ne masu albasa da tumatir na Tabalak da kwarin Keita ke dashe. Idan kuma ya rikita "daga ranar kaza" da "zuwa ranar kaza", ya juya sanarwar gaba ɗaya. Shi kansa sunan abin, wanda ya bi shi kalma da kalma zai ce "ƴantar da gonaki", maganar da babu manomin da ya taɓa yin ta a ƙofar gidan mai gari.

Jihar Tawa ta san abin da rikicin gona da dabba ke haifarwa. A farkon Nuwamban 2016, aƙalla mutum 18 suka rasa rayukansu a Bangi, cikin gundumar Madawa, a faɗan da ya tashi tsakanin manoma da makiyaya bayan dabbobi sun shiga wata gona. Ba fassara ce ta haddasa wannan ba. Amma ya nuna irin wurin da wannan takarda ke faɗawa duk shekara, da dalilin da ya sa bai kamata a bar ta ga harshen mutum ɗaya da ke sauri ba.

Jiha ɗaya, kunnuwa iri-iri

Ƙidayar 2012 ta nuna jihar Tawa na da mutum sama da miliyan 3 da dubu 300, birnin Tawa kuma kusan dubu 150. Hausa ce harshen kasuwa daga Ƙwanni har Abalak, amma wanda ya hau hanyar arewa daga birnin, ya wuce Tabalak, zai ga Tamajak na ƙara ƙarfi. Akwai Fulani da Wodaɓe da Fulatancinsu, akwai Larabawan Tasara da Tiliya, akwai kuma Igdalan na yankin Abalak masu magana da Tagdal, harshen da ya haɗa tushen Songai da kalmomin Abzinawa masu yawa.

Cikin jihar ce kuma iyakar noma ta ratsa, layin da dokar 26 ga Mayun 1961 ta shata, wanda arewa da shi ƙasar kiwo ce. Ma'ana, inda harsuna suka fi cakuɗa, nan ne kuma dokokin fili suka fi sarƙaƙiya. Mutumin Kao ko na Barmu na iya jin sanarwa guda da harshe biyu a rana ɗaya. Idan biyun suka saɓa, kowa zai riƙe wadda ta yi masa daɗi.

Rediyon al'umma shi ne babban mai ɗaukar wannan kaya. Tun da aka buɗe na farko a Bankilare a 1999, irin waɗannan ƙananan tashoshi sun bazu a faɗin ƙasar. Masu gabatarwa a cikinsu sau da yawa ƴan sa-kai ne, malamin makaranta ne ko matashin da ya yi boko ya dawo gida. A kan kawo sanarwa, mai gabatarwa ya riƙe takardar Faransanci a gaban makirfo, idonsa na karantawa, bakinsa na juyawa nan take. Gwaninta ce ta gaske, kuma wasu sun iya ta har abin ya ba da sha'awa. Sai dai ba ta barin komai a rubuce. Gobe idan wani ne ke bakin aiki, zai juya takardar da nasa kalmomin. Jibi idan aka yi gardama a kan abin da aka ce, babu inda za a koma a duba.

Yadda masu manyan shafuka ke ɗaure abin

A duniyar masu fassara don sana'a, wannan magana an daɗe da yanke ta. Ƙa'idar ƙasa da ƙasa mai lamba ISO 17100, wadda ta fito a 2015, ta shardanta cewa bayan mai fassara ya gama, dole wani mutum daban ya ɗauki asali da fassarar ya gwama su jimla da jimla. Dalilin ba rashin yarda da mai fassara ba ne. Idon da ya rubuta abu yakan ga abin da ya yi niyyar rubutawa ko da ba shi ne a takarda ba.

Manhajojin da kafafen labarai da ƙungiyoyi ke tafiyar da shafukansu na intanet da su sun mayar da wannan sharaɗi ya zama ƙofa mai makulli. A Drupal, misali, ana iya tsara wa kowane rubutu matakan da zai bi: daftari, sai jiran bita, sai wallafawa. Wanda ke kula da shafin shi ke raba izini, ya ce mai fassara na da ikon tura aikinsa daga daftari zuwa jiran bita, amma maɓallin wallafawa ba ya hannunsa. Kowane harshe na tafiya da nasa matakin, ta yadda Hausa za ta iya fita yau, Tamajak ta tsaya sai mai dubanta ya samu sarari. A WordPress, ƙarin manhajar WPML na bai wa mai shafi zaɓi a kan fassarar inji: a riƙe ta sai mutum ya duba, ko a wallafa a duba daga baya, ko a sake ta haka nan. Zaɓi na uku ya fi sauƙi da arha, shi ya sa yake da jan hankali ga ofishin da ba shi da ma'aikata.

Abin da ya fi amfani a cikin waɗannan tsare-tsare, kuma aka fi mantawa da shi, shi ne alamar tsufa. Idan aka gyara rubutun asali, ana iya sa manhajar ta yi wa duk fassarorinsa tambarin cewa sun tsufa. A ɗauka an tsayar da ranar sakin gonaki, sai hatsin wata gunduma ya makara, aka ɗaga ranar da mako biyu. Ofis zai fitar da sabuwar takarda. Fassarar farko kuwa tana nan tana yawo a wayoyi da tsohuwar rana, kuma babu wanda aikinsa ne ya bi ta ya kashe ta. A shafin da aka tsara da kyau, gyaran asali shi ke tada mai fassara da mai bita daga barci.

Misalin da ya fi kusa da wannan a Nijar shi ne Studio Kalangou, wanda gidauniyar Hirondelle ta ƙasar Siwizalan ta buɗe a Yamai a Janairun 2016. Kullum yana shirya labarai da harsuna biyar, Faransanci da Hausa da Zabarmanci da Tamajak da Fulatanci, ya aika wa gomman gidajen rediyon da yake hulɗa da su a jihohi su watsa. Amfanin irin wannan tsari a bayyane yake: labari guda ne, daga ɗakin labarai guda, ana kuma ajiye abin da aka watsa. Amma labaran ƙasa yake ɗauka. Sanarwar kantoman Abalak ko ta magajin garin Kalfu ba ta bi ta Yamai kafin ta isa rediyon ƙauye, kuma su ne sanarwoyin da ke taɓa gona da rijiya kai tsaye.

Abin da manhaja ba ta gani

Makulli na iya tilasta a duba, amma ba ya sanin wa ya cancanci dubawa. Nan ne maganar ta fi zurfi a Adar.

A fara da kuɗi. A kasuwar Tawa ba a ƙirga sefa da tamma ɗaya-ɗaya, da dala ake ƙirgawa, dala guda kuwa sefa 5 ce. Don haka sefa 100 dala ashirin ce, sefa 500 ita ce dala ɗari, sefa 1,000 jika guda. Mai fassarar da ya ga "100 F" a takarda ya ce "dala ɗari" ya ninka kuɗin sau biyar a kunnen mai sauraro. Idan sanarwar ta kuɗin allurar dabbobi ce ko ta hatsi mai rahusa, talaka zai zauna gida yana ganin ba zai iya ba, ko kuma ya je ya biya abin da ya ji, wani ya soke rarar a aljihu. Idan kuma rubutun ya tsallaka iyaka ya isa hannun mai karatu a Kano, "dala" a wurinsa kuɗin Amurka ne. Mai bitar da bai taɓa sayen goro da sefa ba zai wuce wannan jimla bai ga komai ba, domin nahawunta lafiya lau yake.

Haka ma'auni. Hukumomin da ke bibiyar farashin kasuwa da kilo suke lissafi, uwar gida kuwa da tiya take awo, tiyar hatsi kuma ta kai kusan kilo biyu da rabi. Duk wanda ya sa ɗaya a gurbin ɗaya ya ba da labarin tsada ko arahar da babu ita.

Sai kwanan wata. Mutumin karkara na riƙe da lissafi uku a kansa: watannin nasara, watannin Musulunci, da watannin manoma. Idan ɗan boko ya ga Yuli ya ce "watan bakwai", dattijo na iya jin watan bakwai na manoma, wanda ake cewa maƙarar rani, lokacin da ake fara duban gabas ana jiran ruwan shuka, makonni da dama kafin Yuli. Tsofaffin masu gabatarwa sun san maganin abin, sukan ce "na nasara", su ƙara da ranar mako, wani lokaci har su ɗaure ta da kasuwa, su ce Lahadi ranar kasuwar Tawa. Wannan ilimi ba a rubuce yake ba. Ran da tsohon ya bar tashar, ya tafi da shi.

Hasashen damina ma na da nasa tarkon. Cibiyar AGRHYMET da ke Yamai tun 1974, tare da hukumomin yanayi na ƙasashen yankin, kan fitar da hasashe kafin faɗuwar damina. Ba ta cewa ruwa zai yi yawa ko zai yi kaɗan kai tsaye. Tana ba da rinjaye ne tsakanin abu uku, sama da yadda aka saba, daidai, ko ƙasa, tana gwamawa da matsakaicin shekaru 30. Takarda guda na iya cewa jimillar ruwa za ta yi yawa, ta kuma yi gargaɗin cewa ruwan zai iya ɗaukewa na kwanaki da dama bayan shuka. Mai fassarar da ya dunƙule duka ya ce "bana damina za ta yi kyau" bai yi ƙarya ba, amma ya jefar da rabin da ya shafi irin da manomi zai zuba a ƙasa.

Akwai kuma tambayar wace Hausa. Ba'adare na cewa "hura" da "tahiya" da "hwari", yana cewa "munka zo", "shina nan", "gidanai", "biyat". Masanin harshe Bernard Caron ya rubuta littafi sukutum a kan Hausar Adar, wanda ya fito a 1991, don haka ba a rasa abin dogaro ba ga mai son ya yi aiki da ita. Ba wai Adarawa ba sa gane Hausar Kano ba ne, shekara da shekaru suna sauraron ta a rediyo da finafinai. Matsalar tana wajen kalmomin aro. Abin da Kano ta aro daga Ingilishi, Tawa ta aro shi daga Faransanci. A nan "likita" na iya nufin gidan maganin kansa, haraji "lanho" ne, malamin makarantar boko kuma "mushe" ake ce masa, kalmar da in ɗan Zariya ya gan ta a rubuce zai ɗauka dabba ce ta mutu ba yanka. Ƙungiyar da ta aika rubutunta ga mai fassara a Abuja ko Kaduna saboda a can ƙwararru suka fi yawa, za ta samu Hausa mai tsabta wadda tsohuwa a Takanamat za ta ji kamar baƙo ne ke magana. Saƙon lafiya da ya zo da muryar baƙo kuwa ba kasafai ake aiki da shi ba.

Ƙugiya da kuɗin saƙo

Ko rubutun kansa bai zauna wuri ɗaya ba. Nijar ta tsayar da ƙa'idar rubutun Hausa da na wasu harsunanta a hukumance a 1999, inda take rubuta ƴ a wurin da littattafan Najeriya suka saba rubuta 'y. Amma mafi yawan matasan da suka yi makaranta da Faransanci ba a koya musu wannan ƙa'ida ba, sai suke rubuta Hausa da kunnen Faransanci: "ou" a madadin u, "tch" a madadin c, "ch" a madadin sh. Sunan birnin ma shaida ne, Tahoua a takarda, Tawa a baki.

Haruffa masu ƙugiya kuma na da farashi na zahiri. Saƙon tes na waya guda na ɗaukar harafi 160 idan haruffan Turawa ne zalla. Da zarar ƙ ko ɗ ko ɓ ta shiga, tsarin ya sauya, saƙon ya koma harafi 70 kacal. Mai aika saƙo ga mutum dubu goma zai ga kuɗinsa ya ninka, sai ya cire ƙugiyoyin. Daga nan baƙi su koma baki, ƙafa ta koma kafa, ƙare ya koma kare. Mai karatu ƙwararre zai gane daga yanayin jimla. Wanda ke haɗa baƙi da ƙyar, ko yaron da aka miƙa wa waya ya karanta wa mahaifinsa, shi ke tuntuɓe. Tamajak ta fi shan wannan wahala, domin rubutunta na boko cike yake da haruffa na musamman, masu ita da yawa kuma Tifinag suka gada.

Inji ya shigo

Google ya saka Hausa cikin manhajarsa ta fassara a Disamban 2013, yau kuma duk mai waya na iya liƙa takardar Faransanci ya samu Hausa cikin daƙiƙa. Injin ya koyi Hausarsa ne daga abin da ke rubuce a intanet, mafi yawansa kuma daga Najeriya ya fito. Bai zauna kasuwar Badagishiri ba, ba shi da dalilin sanin dalar sefa.

Tamajak kuwa abin da injuna suka samu nata kaɗan ne ƙwarai. A 2022 wasu masu bincike sun fitar da tarin muryoyin harshen na sa'o'i 17 tare da fassararsu da Faransanci, waɗanda suka samo daga shirye-shiryen Studio Kalangou, aka kuma yi amfani da su a gasar masana fassarar inji ta duniya. Sa'o'i 17 ba su kai kwana guda na magana ba. Wanda ya ce zai dogara da inji ya sanar da makiyayin Tiliya ranar allurar raƙuma, ya yi gaggawa.

Abin da fassarar inji marar mai dubawa ke jawowa an gan shi a wasu wurare. A Oktoban 2017 ƴan sandan Isra'ila sun kama wani magini Bafalasɗine bayan ya saka hotonsa a Facebook yana jingine da motar tono, ya rubuta gaisuwar safiya da Larabci, injin ya juya ta zuwa umarnin kai hari. Babu jami'in da ke jin Larabci da ya karanta asalin kafin a kama shi. Sai bayan sa'o'i aka sake shi, kamfanin ya ba da haƙuri. Wikipedia, wadda ke da sashen Hausa, ta gina shinge a manhajarta ta fassara saboda irin wannan: idan mutum ya bar abin da inji ya rubuta kusan yadda yake bai gyara ba, ba za ta bar shi ya wallafa ba.

Sabon matsayi, sabon nauyi

A ƙarshen Maris na 2025, kundin sake gina ƙasa da Janar Abdourahamane Tiani ya sa wa hannu ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya mayar da Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. An yi ta muhawara a kan matakin, musamman daga masu magana da sauran harsuna. Ko mene ne ra'ayin mutum, abu guda ya biyo baya: za a ƙara neman takardun hukuma da Hausa, kuma fassarar da a da ake ɗauka taimako ce kawai za ta fara zama abin da ake kafa hujja da shi. Ranar da manomi ya tsaya gaban Kofo ya ce ga abin da ya ji da Hausa, makiyayi ya ce ga abin da ya ji da Fulatanci, jami'i kuma na riƙe da Faransanci, dole a san wanne ne ke da hukunci da wanda ya sa hannu a kan sauran.

A jiha irin Tawa akwai wani haɗarin na daban. Idan Hausa ta zama gada, za a riƙa fassara Tamajak da Fulatanci daga fassarar Hausa, ba daga asali ba. Kuskuren da ya shiga a hawa na farko zai gangara cikin sauran, ya kuma zo musu da kamannin gaskiya tunda duk sun yi daidai da juna.

Ƴan bida da saƙon murya

Adar ƙasar matafiya ce. Da wuya a samu gidan da ba shi da ɗa a Abijan ko Libiya ko Aljeriya ko Legas. Waɗannan ƴan bida su ne ke aiko kuɗin taki da na hatsi, kuma sau da yawa su ne ke fara ganin sanarwa a Facebook tun kafin ta isa ƙauyensu. Sai ɗaya ya karanta, ya danna makirfon WhatsApp ya bayyana ta da Adaranci, ya tura zauren ƴan garinsu. Cikin awa guda ta zaga. Shi ma mai fassara ne, ko da bai ɗauki kansa haka ba, kuma muryarsa ta fi ta rediyo ƙarfi a gidansu saboda an san shi.

Saƙon murya ba shi da kwanan wata a jikinsa. Na bara na iya dawowa bana a ce sabo ne. Masu aikin faɗakar da manoma irin su RECA, haɗakar majalisun manoma ta ƙasa da ke da reshe a Tawa, sun rungumi murya da WhatsApp wajen ba da shawara da harsunan gida saboda nan mutane suke. A Maiduguri ma, ƙungiyar Translators without Borders da ta fara aiki can a 2017 ta tattara kundin kalmomin aikin agaji da Hausa da Kanuri da wasu harsuna, don kada kowane ma'aikaci ya riƙa ƙirƙiro tasa kalmar a gaban ƴan gudun hijira.

Gidan rediyon da hasken rana ke kunna shi, wanda albashi ma ba kullum ba, ba zai sayi babbar manhaja ba, kuma ba ya buƙata. Matakan da Drupal ke tilastawa da makulli ana iya yin su da littafin rajista da zauren WhatsApp na mutum huɗu. A rubuta fassarar kafin a shiga ɗakin watsawa. Mutum na biyu ya ji ta ba tare da ya ga Faransancin ba, ya faɗi abin da ya fahimta, a gwama da asali, musamman lambobi da ranaku da kuɗi da kalmar "banda". Kalmar da aka yi gardama a kanta aka daidaita a shigar da ita kundi, don gobe kada a sake. Duk saƙon murya ya buɗe da ranar da aka naɗe shi da ofishin da ya fito. Sanarwar gaggawa, irin ta ambaliya ko ɓarkewar cuta, ba za ta jira mai bita ya dawo daga gona ba, sai a sake ta, amma a duba ta a ranar, in an ga gyara a maimaita a daidai lokacin da aka watsa ta farko.

Inda abin ke tsayawa shi ne mutum na biyun. Ofisoshi da ƙungiyoyi kan biya kuɗin watsa sanarwa, wasu su biya na fassara, amma da wuya a ga layin bita a kasafinsu. Mutanen da za su iya aikin kuwa suna nan: malaman yaƙi da jahilci da suka koyar da Hausa da Tamajak a rubuce, malaman makarantun harshe biyu, tsofaffin masu gabatarwa, da ɗaliban Jami'ar Djibo Hamani ta Tawa, waɗanda da yawansu sun taso da harshe biyu ko uku a gida. Hukumar jiha da ke fitar da ranar sakin gonaki na iya fitar da ita tun daga ofis da Hausa da Fulatanci da Tamajak, a rubuce da kuma a murya, kowace da sunan wanda ya fassara da wanda ya duba, kafin garken farko ya baro Abalak.